Muryar Guduma a Bakin Kogo

Duk wanda ya san Orrin Stadnyk a garin Brandon na lardin Manitoba, da gyaran firji ya san shi. Mutane kan tsokane shi cewa ya rasa sana'ar da zai kama sai ta sanyi, a garin da ƙanƙara ke toshe ƙofofi rabin shekara. Shi dai murmushi yake yi ya ci gaba da kwance kusoshinsa. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Tun da aurensa ya mutu ya koma wani ɗaki a saman shagon sayar da takalma, daga shi sai kwamfutarsa da tukunyar kofi.

A cikin kwamfutar nan kuwa wani mutum ne daban. Akwai wani wasan intanet da ake kira Ƙasar Toka, inda dubban mutane daga garuruwa daban-daban ke shiga lokaci guda, kowa da jarumin da ya ƙera wa kansa, a haɗu ƙungiya-ƙungiya a tafi farautar dodanni. A can sunan Orrin Guduma, kuma babu wanda bai san Guduma ba. Shi ya fara jagorantar mutane suka ci Kogon Ƙararrawa, wurin da ya fi ko'ina wuya a wasan. Wani makahon dodo ne a ciki, da ƙararrawa rataye a wuyansa. Da ta kaɗa, sai kowa ya kauce cikin ƙiftawar ido, in mutum ɗaya ya makara duk ƙungiyar ta hallaka, a farka a bakin kogo a sake daga farko.

Wasan yana da zaure a intanet inda 'yan wasa ke rubuta ƙorafi da shawara, ma'aikatan kamfanin kuma su karanta. Kusan kullum sai wani ya rubuta cewa kogon ya yi tsanani. Wani ya ce da jariri a cinya yake wasa. Wata ta ce ciwon gaɓɓai ya kama mata yatsu, a taimaka a rage saurin ƙararrawar ko da kaɗan ne. Amsar Guduma ɗaya ce ga kowa, a zaure ko a ɗakin hira na murya: “Ba wasan ne ke da wuya ba, hannunka ne ya mutu.” Maganar ta kama bakin mutane, har ta kai duk wanda bai iya ba ana ce masa mataccen hannu. Da kamfanin ya nemi ra'ayi ko a sassauta kogon, tsofaffin 'yan wasa suka yi ca a bayan Guduma, aka bar shi yadda yake.

Orrin bai ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. Ya yi imani da cewa abin da aka sha wuya kafin a samu shi ke haɗa kan mutane, kuma ya ga hakan da idonsa a ƙungiyarsa. Babban amininsa a ciki shi ne Lucien Gaudreau, wani ma'aikacin gidan waya a garin Rimouski na lardin Quebec, wanda jaruminsa mai magani ne, yana bin mayaƙa yana warkar da su. Shekara da shekaru suna hira kusan kullum, amma ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Lucien kaɗai ke iya gaya masa gaskiya. Yakan ce masa, “Kai dai bakinka ya fi gudumarka nauyi.” Wani lokaci da aiki ya kai Orrin can arewa, sai ya ba Lucien kalmar sirrinsa don ya riƙa duba masa jarumin, bai kuma canza ta ba bayan ya dawo.

Wata Asabar da rana tsaka suna cikin kogon, Orrin na ba da umarni kamar yadda ya saba, sai 'yan ƙungiyar suka ji ya faɗi wata kalma da ba kalma ba. Ya sake gwadawa, ta sake fitowa a murɗe. Sai ƙarar kujera ta kife. A allo, Guduma ya tsaya cak, hannuwa a sake, dodon na dukansa har ya faɗi. Makirfon bai mutu ba. Suna jin numfashi, mai nauyi, yana ja kamar ana jan buhu a ƙasa. Suka yi ta kiran sunansa. Babu wanda ya san titin da yake, Lucien ma iyakar saninsa Orrin ne, a wani gari cikin Manitoba. Ɗaya bayan ɗaya suka cire abin kunnensu don ba za su iya jurewa ba. Lucien ya zauna yana saurare har sautin ya ɗauke.

Batirin abin kunnen ne ya ƙare, ba numfashin ba. Mai shagon takalma ya ji faɗuwar ta saman rufi, ya hau ya ɓalla ƙofa. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama Orrin a gefen dama, ta tafi da hannu, ta taɓa ƙafa, ta kuma ɗaure harshe. Ya daɗe ƙwarai a asibiti a Winnipeg. Yayarsa Marlys, wadda ta yi ritaya daga dafa abinci a makaranta, ta kwashe kayansa daga ɗakin, ta sa aka yanke waya da intanet, adireshin saƙonninsa ma ya bi su. Da aka sallame shi ta kai shi gidanta a wani ƙaramin gari kusa da Dauphin. Wasa bai ko zo mata a rai ba, shi kuma ba shi da bakin da zai gaya mata.

Ƙanƙara ta sauka ta narke, ta sake sauka, kafin matar da ke koya masa motsa jiki ta ce ya nemi abin da zai riƙa wasa yatsun hagu da shi. Marlys ta ciro kwamfutar daga kwali ta kafa masa a teburin cin abinci, kusa da taga. Da yatsa ɗaya ya buga tsohuwar kalmar sirrin, wasan ya ce ba ita ba ce. Ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta ɓatar, don ta ɓatar da abubuwa da yawa. Sai ya ƙera sabon jarumi, ɗan tsurut mai riga ɗaya da sanda. Marlys da ke tsaye a kansa ta ce wannan ai tsinke ne, shi kuwa ya sa masa suna Tsinke.

Ya ɗauki watanni yana raino Tsinke da hannu ɗaya kafin ya isa bakin Kogon Ƙararrawa. Yana hawowa tudun ya ga an canza wurin. An share fili, an kafa wani ƙaton gunki na dutse, kyandirori na ci a gindinsa. Sulken ya fara ganewa, sannan gudumar da ke saɓe a kafaɗar hagu yadda shi kaɗai ke saɓa ta. A ƙasa an sassaƙa sunan Guduma, da shekarar da ya fara wasa, da shekarar da ya faɗi daga kujera. Wasu jarumai biyu suka zo wucewa, suka rusuna wa gunkin, suka shiga kogo.

Orrin ya daɗe yana kallo. Hasken rana na dukan ƙanƙarar waje yana shigowa fari fat, amma sai ya ji sanyi kamar an buɗe ƙofa a bayansa. Daga baya ya shiga wata ƙungiya ta baƙi da ke neman cikon mutum. Ƙararrawar farko ta kaɗa, yatsansa na kan hanyar zuwa madanni aka kashe su duka. Ya farka a gindin gunkin. Dutsen ya sunkuyar da kai a hankali ya dube shi, leɓɓansa suka motsa, sai murya ta cika ɗakin: “Ba wasan ne ke da wuya ba, hannunka ne ya mutu.” Har da 'yar dariyar hanci a ƙarshe.

Muryarsa ce. Ba irin wadda yake fama da ita yanzu ba, mai nauyi kamar an cika masa baki da auduga. Tsohuwar ce, garau, mai kauri. Marlys ta fito daga kicin da cokali a hannu, fuskarta cike da murna, tana cewa, “Orrin, me ka ce? Sake faɗa in ji.” Ta tarar da shi baki a rufe, yana nuna allo da hannun hagu. Ta dubi allon, ta dube shi, ta ajiye cokalin a kan tebur ta zauna.

A zaure ya karanta sauran labarin. Bayan Asabar ɗin nan an yi ta nemansa ba a samu ba, har wani ya kawo sanarwar rasuwar wani Orrin a Manitoba, kowa ya yarda. Aka tara sa hannu aka roƙi kamfani ya yi masa abin tunawa. Muryar kuwa daga tsofaffin hirarrakin da 'yan ƙungiya suka naɗa aka yanko ta. Kowace shekara, ranar da ya faɗi, ana yin jerin gwano daga babban birnin wasan zuwa kogo. Har wasu na rantsuwa cewa a ranar sun ga Guduma kansa, ba gunkin ba, yana tafe a bayan sahu ba ya ce wa kowa uffan.

Ya yi ta komawa kogon, yana mutuwa, gunkin na gaya masa abin da ya saba. Marlys ta ce ko ya rage murya ko ta jefa kwamfutar a tafki. Daga ƙarshe ya zauna wuni guda ya rubuta wa zaure 'yan layuka da yatsa ɗaya. Ya ce shi mai hannu ɗaya ne, ya san kogon ciki da waje, abin da yake roƙo kawai a samar da wata ƙofa ta daban inda ƙararrawar za ta ɗan jinkirta, masu son tsohuwar su ci gaba da abinsu. Kafin ya gama shan kofi amsoshi sun cika shafi. Mafi yawansu kalmominsa ne, harafi da harafi, wasu da hoton gunkin. Wani ya rubuta, “Dattijo, je ka yi wasan kati da jikokinka.” Wata ta ce da Guduma na raye da ya koya masa hankali. Mutum biyu ko uku ne suka goyi bayansa, su ma aka bi su da tsiya.

Ransa ya ɓaci, ya rubuta cewa shi ne Guduma, bai mutu ba. Nan zauren ya kama da wuta. Aka ce ya ci mutuncin mamaci, aka ce marar kunya ne mai neman suna. Ya shiga ɗakin hirar tsohuwar ƙungiyarsa don su ji shi da kunnensu, ya tattara ƙarfinsa ya faɗi sunansa. Sai wani saurayi ya ce a fitar da mashayin nan. Sunan Lucien na cikin jerin waɗanda ke ɗakin, amma bai tsaya masa ba. Masu kula da zaure suka dakatar da Tsinke daga rubutu bisa laifin shigar burtu da sunan wanda ya rasu.

Bayan wannan Orrin ya daina zuwa kogo. Yakan kai Tsinke wani rafi da ba kowa ke zuwa ba, ya jefa ƙugiya, don kamun kifi a wasan madanni ɗaya yake buƙata. Wata safiya, Marlys ta tafi coci, yana zaune a bakin rafin, sai ya ga inuwa ta faɗo a kan ruwa. Ya juya kallon. Guduma ne tsaye a bayansa, da sulkensa, da sunan a saman kansa. Ba na dutse ba ne, ƙirjinsa na hawa da sauka yadda na jaruman masu rai ke yi. Bai yi sallama ba, bai rubuta komai ba. Orrin ya matsa gaba, Guduma ya matso. Ya haye gada, ya biyo shi. Ya tsaya, ya tsaya.

Orrin ya zare wayar kwamfutar daga bango. Har Marlys ta dawo yana zaune yana kallon baƙin allo, inda fuskarsa ke nunawa da gefen baki a zube. Bai gaya mata ba. Washegari ya sake shiga, Guduma na nan inda ya bar shi, kamar a nan ya kwana. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Duk inda Tsinke ya sa ƙafa yana biye, taku kaɗan a baya. In wani dodo ya taso wa Tsinke, sai Guduma ya sha gabansa ya murƙushe shi, ya koma baya ya tsaya. Orrin ya fara jin nauyin juya baya ko a cikin gida. In zai shiga banɗaki sai ya waiga.

Tun ciwon, tunani a hankali yake zuwa masa, kamar mai tahowa daga nesa a ƙafa. Yana cikin ƙoƙarin ɓare dafaffen ƙwai da hannu ɗaya abin ya faɗo masa: mutum ɗaya ya taɓa ba kalmar sirrinsa. Ya bar ƙwan ya koma kan kwamfuta, ya juya Tsinke ya fuskanci Guduma, ya rubuta, “Lucien.” Jarumin ya daɗe tsaye. Orrin ya buga lambar wayar gidan Marlys a ƙasa. Sai Guduma ya ɓace.

Sai da aka kwana biyu wayar ta yi ƙara, da hantsi. Marlys ta ɗauka, ta ce wani ne mai maganar mutanen Quebec, kuma kamar kuka yake. Orrin ya karɓa ya ce, “Ni ne.” Lucien ya ce ya sani. Ya ce ba a muryar ya gane shi ba, a tafiya ne. Ranar da aka kori Orrin daga ɗakin hira, shi Lucien ya je ya nemi Tsinke don ya zage shi, sai ya ga yana bin bangon hagu, yana ɗan tsalle a bakin kowace ƙofa ba gaira ba dalili, kuma mutum ɗaya ya sani mai wannan ɗabi'a.

Sauran maganar da ƙyar ta fito. Shi ne ya kawo sanarwar rasuwar. Ya ga shekarun wancan Orrin ɗin sun yi yawa, ya gani sarai, amma ya rufe ido, don numfashin nan ya hana shi barci kuma gara masa a ce an binne. Shi ya tattara muryoyin ya aika wa kamfani. Shi ya canza kalmar sirri, shi ke fito da Guduma ranar jerin gwano. Da Orrin ya tambaye shi dalilin da ya sa ya yi ta binsa ba magana, sai ya ce, “Tsoro nake ji. In na yi magana ka amsa, ban san wanne ya fi ba, a ce kai ne ko a ce ba kai ba ne.” Orrin ya so ya zage shi, harshen ya ƙi ba shi haɗin kai, sai wata dariya ta kubce masa, Lucien ma ya kama.

Lucien ya mayar masa da kalmar sirrin, ya ce zai tsaya a zaure ya ba da shaida. Orrin ya ce ya dakata tukuna. Ya shiga da Guduma sau ɗaya, a tsakiyar babban birni. Kafin ya yi taku goma jama'a sun kewaye shi, ana rusunawa, ana ajiye kyandir a ƙafarsa, rubutu na gudu a gefen allo. Ya so ya ɗaga gudumar, amma shi da kansa ya tsara madannan jarumin don yatsu goma. Guduma ya juya a karkace, ya nufi bango, ya yi ta tafiya a wuri ɗaya goshinsa na gogar dutse. Rubutun ya tsaya. Can wani ya ce fatalwar ta lalace. Orrin ya fita, ya canza kalmar sirri, ya gaya wa Lucien ya bar maganar shaida.

Shekarar da ta biyo baya kamfanin ya buɗe ƙofa ta biyu a kogon, mai jinkirin ƙararrawa. Ba don Orrin ba ne, masu ƙorafin ne suka yi yawa, sababbin 'yan wasa kuma suna guduwa. Tsofaffin suka yi zaman dirshan a gindin gunki suna cewa an ci amanar Guduma, da yawansu suka bar wasan. Tsinke ya shiga ta sabuwar ƙofar tare da Lucien da wata tsohuwar malamar jinya daga Ohio da wasu, suka kashe dodon. Lucien ya tambaye shi yadda ya ji. Orrin ya ce ya ji daɗi, amma ba ɗaya ba ne da na da, kuma ba zai yi ƙarya ya ce ɗaya ne ba.

Muryar ce Marlys ta kasa haƙura da ita. Orrin ya nemi kamfani ya cire, aka ce sai dai buƙatar ta fito daga dangin mamacin. Marlys ta ce ai kuwa dangi na nan. Ta aika musu cewa ita yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba ta son ta ƙara jin muryar nan a gidanta, ba ta faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba. Suka cire, suka kuma aiko mata da katin ta'aziyya da furanni. Orrin ne ya karɓa daga hannun mai kawowa. Sautin kawai suka kashe, don haka har yau in mutum ya farka a gindin gunkin, dutsen kan sunkuyo ya dube shi, leɓɓan su yi ta motsi.

Orrin na nan da ransa. Yana takawa da sanda zuwa kanti, maganarsa ta ɗan saki, har yakan taya maƙwabta duba injin wanki, shi yana nunawa su suna kwancewa. Lucien na kiransa duk Lahadi, kullum yana alkawarin zai hau jirgin ƙasa ya zo in rani ya yi, har yanzu dai bai zo ba. Sabuwar kalmar sirrin Guduma kuwa Orrin bai rubuta ta ko'ina ba, bai gaya wa kowa ba, kuma ta bi sauran abubuwan da suka zube daga kansa. Waɗanda suka rage suna yin jerin gwanonsu duk shekara, kuma bara ma mutum uku sun rubuta a zaure cewa sun ga Guduma a bayan sahu. Lucien ya rantse ba shi ba ne. Orrin ya ce mutane na ganin abin da suke son gani. Duk da haka in ranar ta zagayo ba ya kunna kwamfuta. Marlys kan zuba kofi a fulas, ta sa shi a mota, su tafi bakin tafki su wuni.